Masu Farautar Ganye

A jihar Vermont ta Amurka, da watan Oktoba ya kama sai ka ga jama'a sun yi dafifi cikin daji, kowa rataye da kyamara, ga sandarta mai ƙafa uku a kafaɗa. Ganye suka zo gani, shi ma wanda ke bakin mutuwa.

Idan yini ya gajarta, dare ya yi sanyi, itatuwan maple kan daina yin sinadarin da ke sa ganye kore. Sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana, ja ya biyo baya. A dajin Gifford Woods akwai tsofaffin itatuwa da suka shekara ɗaruruwa suna wannan kwalliya, ba wanda ya taɓa ba su tukwici.

Mai hoton ne abin tausayi. Ya yi sammako, yatsu sun ƙandare, yana fatan gajimare ya rufe rana don kada haske ya kashe launin, yana kuma roƙon iska ta tsaya cik. In ya zo da wuri, ganye na nan kore shar. In ya makara da mako guda, ruwa ya kakkaɓe komai, sai rassa tsirara.

A 2023 mutanen garin Pomfret suka gaji da 'yan Instagram masu kutsawa gonakin mutane suna toshe hanya da motoci, har aka rufe wa baƙi wani titi na kusan mako uku. Shara kuwa, idan ganyen ya zuba, ta masu gida ce.