Ƙamshin Ɗanyar Ciyawa da Masu Amsa Kiransa

Ƙamshin da ke tashi idan lauje ya ratsa ɗanyar ciyawa ƙamshin rauni ne. Ganyen da ba a taɓa ba kusan ba ya fitar da shi. A cikin kowace ƙwayar halittar ganye akwai maiƙo a jikin siraran fatunta, akwai kuma wasu sinadarai masu gaggauta aiki da ake kira inzayim, kowa a ɗakinsa kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. Da zarar ƙarfe ya tsaga ganyen, ko haƙorin akuya, ko bakin tsutsa, sai katangar da ke tsakaninsu ta faɗi. Inzayim ya auka wa maiƙon, ya cusa masa iskar oksijin, ya datse shi. Maiƙon yana da ƙwayoyin kabon 18 a jere. Guntun da ake gutsurowa mai 6 ne, ba shi da nauyi, sai ya bi iska. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama.

Na farkon fitowa wani nau'in sinadari ne mai suna hekzinal, kuma hancin ɗan Adam yana tsinto shi ko da kashi 1 ne cikin biliyan 4. Shi ne kuma ake ji a ɗanyen tumatir da aka yanka. Sai dai ba ya zama wuri ɗaya: nan da nan yake rikiɗewa zuwa 'yan'uwansa, wani hekzinal ɗin dabam da kuma hekzinol, shi ya sa damin da aka yanko da safe ba ya ƙamshin safe idan la'asar ta yi. Masana biyu a Jamus, Theodor Curtius da Hartwig Franzen, sun tace wannan hekzinal na biyu daga ganyen itace a 1912.

Ciyawa ba don ta burge mai yanka take wannan ɗawainiya ba. Sinadaran suna rage ƙwayoyin cuta a bakin raunin. Tsirran da ke kusa, idan iska ta kai musu, sukan ɗaura ɗamarar kare kai tun kafin ɓarna ta iso. Akwai kuma kiran agaji. A 2010 Silke Allmann da Ian Baldwin sun nuna cewa yawun wata tsutsa mai cin ganyen tabar daji a Amurka yana sauya irin hekzinal ɗin da ganyen ke fitarwa, sabon ƙamshin kuma yana jawo wasu ƙwari masu cin ƙwai da ƙananan tsutsotsi irinta. Wato da bakinta take kiran ajalin danginta.

Ana iya gwada rikiɗewar ƙamshin a gida, amma akwai sharuɗɗa, kuma mai wannan rubutu ya gano su ne bayan ya karya su duka. Wata safiya da damina ya ɗauki lauje ya nufi kangon da ke bayan gidansa, inda harkiya ta yi kore shar. Ya yanki tafi guda, ya durƙusa, ya kafa hanci a ƙasa, agogo a hannun hagu. Duk minti biyu sai ya ɗago, ya motsa leɓe yana lissafi, ya rubuta a 'yar takarda, ya sake dulmiya.

Sharaɗi na farko shi ne a sanar da maƙwabta. Wata dattijuwa da ta leƙo ta katanga ta ga magidanci da furfurarsa durƙushe a kango, ga ƙarfe, ga takarda, ga baki yana motsi. Ba ta ga kimiyya a ciki ba.

“Malam, lafiya? Me ake binnewa da sassafe haka?”

“Ba komai, Inna. Ciyawa nake saurare.”

Shinshina ya so cewa. Kafin ya gyara, ta sauka daga turmin da ta taka tana salati, kuma a unguwa salati ya fi hekzinal gudu a iska.

Sharaɗi na biyu shi ne a duba turke. Ragon layyar gidan, wanda aka yi wata uku ana ɗura wa dusa da ƙaiƙayin wake, ya riga kowa jin ƙamshin. Littattafai sun ce tsiro na kiran mai ceto, amma ba duk mai amsa kira ne ke zuwa da niyyar ceto ba. Ragon ya tsinke igiya, ya iso, ya tarar da wani abu mai faɗi sanye da shadda ya tare masa kalaci. Ya ja da baya taku huɗu, yadda ragunan kirki suke yi. Binciken ya tsaya a minti na goma sha ɗaya. Takardar ma a cikin ragon ta ƙare, saboda ruwan ganye ya taɓa ta. Uwargida da ta fito ba ta tambayi lafiyar ƙugu ba, sai ta ce, “Maigida, wa zai fitar da wannan kore daga gwiwar wando?” Koren kalorofil ne, ba shi da hannu a ƙamshin, amma ya fi shi naci.

Ƙamshin ingirici, wato ciyawar da ta bushe, wani babi ne. A wasu ciyayin Turai da Amurka zaƙi-zaƙin da ake ji idan suna bushewa na wani sinadari ne mai suna kumarin. Idan irin wannan abincin dabba ya yi fumfuna, kumarin yakan koma wani abu mai hana jini daskarewa, wanda ya kashe shanu da yawa a Arewacin Amurka a shekarun 1920. Daga binciken wannan cuta aka samo wafarin, da farko gubar ɓera, daga baya maganin tsinka jini. Mai wannan rubutu ya karanta wannan sashe ne kwance rub da ciki, kuma bai gwada shi ba.