Kirsimeti a Koriya: Masoya Na Anko, Tuzurai Na Barci

A Koriya ta Kudu ranar 25 ga Disamba hutu ce tun 1949, alhali Kiristocin ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, fiye da rabin jama'a ma ba su da addini. To me sauran ke yi da ranar? Soyayya. Zumuncin dangi an ware masa bukukuwan Seollal da Chuseok, Kirsimeti kuwa ta saurayi da budurwa ce.

Wanda za ka fara cin karo da shi a birnin Seoul shi ne Mai Hoton Gimbiya. Yana tsaye gaban kantin Shinsegae a unguwar Myeongdong, inda aka mayar da bangon ginin allon fitilu. Sun yi anko shi da budurwarsa. Sanyi ya ƙandarar masa da yatsu, ya ɗauke ta hoto ya kai arba'in, ta karɓi wayar ta duba, ta ce fuskarta ta yi faɗi, a sake. Bawan Allah sai murmushi, hanci na yoyo.

Bayansa ga Sarkin Kek, wanda ya yi oda tun Nuwamba. Mai ƙaramin ƙarfi kek ɗin kantin Paris Baguette ya ishe shi, amma a 2023 otal ɗin Shilla ya sayar da kek guda a kan won 300,000 na kuɗin Koriya. Irin wannan ba a sa masa wuƙa sai duk intanet ta shaida.

Dattijon Zamaninmu ya fi burge ni. Daga 1945 zuwa 1982 an yi dokar hana fita da dare, amma akan ɗage ta daren jajiberin Kirsimeti. Shi ya sa har gobe yake ba jikoki labarin yadda suka kwana rawa a gari, ba don ibada ba, don dai babu ɗan sandan da zai ce kanzil. Yanzu ƙarfe tara ta yi masa a gado.

Masu ibadar gaskiya suna nan, suna kutsawa ta tsakanin masoya don su samu addu'ar tsakar dare a babbar majami'ar Myeongdong, wadda aka kammala a 1898. Har limaman Buda na haikalin Jogyesa sukan kunna fitilun Kirsimeti, don maƙwabtaka.

Sai Tuzuru, abin tausayi. In ka tambaye shi da wa zai yi bikin, ya ce da Kevin, wato yaron nan na fim ɗin Home Alone da gidajen talabijin ba su gajiya da maimaitawa. Wani ma cewa yake zai kwanta ran 23, kada a tashe shi sai 26. A jajiberin Kirsimetin 2012 an yi gayyar marasa masoya a dandalin Yeouido don kowa ya dace da tasa. Maza suka yi dafifi, kowa ya sha wanka, mata kuwa 'yan tsiraru, har aka riƙa tsokanar cewa 'yan sanda da tattabaru sun fi 'yan mata yawa a wurin.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ba ka da ta nunawa kuma tafiya Seoul ta kama ka a Disamba, yanki tikitin 26 ga wata.