Keken Alhaji da Keken Mai Albasa

A Sakkwato keke iri biyu ne, kuma ba masana'anta ce ta raba su ba. Akwai wanda mutum ke hawa don aljihunsa ya rame, akwai wanda yake hawa don tumbinsa ya ƙi ramewa. Mai na farko tausayinsa ake ji, mai na biyu hotonsa ake ɗauka.

Wanda ke son ganin su biyun a wuri guda, ya tsaya Ƙofar Kware da sanyin safiyar Asabar. Daga arewa mutanen ƙauye ne ke kwararowa cikin gari, kowa ya ɗaure buhun albasa ko damin rake a kariya, taya ta lotsa, sarƙa na kuka. Daga cikin gari kuma ga wasu 'yan tsirarun masu hali sun fito a jere, sun sha hular kwano da baƙin tabarau, sun nufi hanyar Kware da Gwadabawa da Illela. Nan suke giftawa da juna. Mai albasa yana zufa don ya samu kuɗi, Alhaji ya kashe kuɗi don ya samu zufa, kuma kowanensu yana yi wa ɗan'uwansa kallon wanda ke bukatar addu'a.

Da can keke bai san wannan rabe-raben ba. Zamanin En'e, wanda ya mallaki Raleigh mutum ne: malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona. Har lasin ake yankar masa. A naɗe ƙarfensa da leda mai launi, a saka madubi biyu da ƙararrawa, a goge shi kullum da tsumma na musamman. Raleigh, kamfanin Nottingham ta Ingila, sai da ya kai ga haɗa kekuna a Kano saboda yawan kasuwa, kafin Phoenix na Sin da Hero na Indiya su zo su rage masa farashi da girman kai. Wanda bai da nasa ya je wurin mai keken haya ya biya na awa ɗaya, ya zaga unguwar budurwarsa sau shida yana kaɗa ƙararrawa.

Kuɗin Udoji na 1975 ne suka fara zubar wa keke da mutunci. Ma'aikata suka karɓi ariyas suka koma Vespa da Honda. Daga baya Jincheng da Bajaj suka cika gari, kabu-kabu ya zama ƙafar kowa. Gorin da ake yi wa mutum ya tashi daga "ko keke bai da shi" ya koma "har yau keke yake hawa". Da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya tashi a 2001 yana wa'azin a koma keke, har yana tuƙa nasa zuwa taron majalisar ministoci, 'yan Najeriya dariya suka yi masa. Da wata motar safa ta ture shi cikin kwalbati a Abuja kuwa, sai aka ɗauka magana ta ƙare, an ga sakamako.

Ashe wa'azin bai samu limamin da ya dace ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Abin da minista ya kasa yi da lacca, mai gidan mai ya yi shi da allo. Daga nan aka samu mahayi iri na uku, wanda shi ya fi kowa wahala, don shi ga tuƙi ga bayani. Ma'aikacin gwamnati ne mai matsakaicin albashi, ya jingine mota, ya kakkaɓe keken mahaifinsa. Ka gamu da shi ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi ya nufi sakatariyar Usman Faruk, fayil a kariya, ƙafar wando ɗaure da kyauro, tun ba ka gama sallama ba zai tare ka: "Likita ne ya matsa mini, wai in riƙa motsa jiki." Abin mamaki, likitan nan ba ya matsa masa sai daga sha biyar ga wata zuwa ranar albashi.

Shi Alhaji na gaske ba ya bayani, kekensa ke yi masa. Ba a kasuwa ya saye shi ba, daga Dubai ko Ingila aka yo masa odarsa, in ya gaza sosai ɗan Kwatano ne mai lafiya. Jikinsa na kabon ne, yaro ɗan shekara goma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Giya ashirin da biyu ce ta Shimano, wadda aka ƙera don hawan duwatsun Faransa da Italiya, a hanyar da babban tudunta shi ne na rage gudun mota. Kuɗinsa zai sayi babur fiye da ɗaya, amma ba shi da kariya, ba shi da ƙararrawa, ba shi da abin jingina, sirdinsa kuma bai kai faɗin tafin hannu ba. Mai albasa in ya dube shi sai ya tambayi na kusa: "Wanga keke, ba a ƙare haɗa shi ba anka sayar mai?"

Kuma wannan keke ba ya zuwa Ƙofar Kware da ƙafarsa. A bayan Hilux ake kawo shi, an shimfiɗa masa darduma kada ya ƙuje. Alhaji ya sauko ya hau, direba ya kunna fitilun gargaɗi ya bi shi a hankali da kular ruwan sanyi. Man da motar ke sha a wannan rakiya ya ishi mai kabu-kabu yinin aiki.

Sai maganar sutura, wadda ita ce babbar fitina. Masu tseren Turai matsattsen gajeren wando suke sawa mai soso a mazauni, kuma da dalili: ba ya kama iska, ba ya goge cinya. To amma nan Birnin Shehu ne, kuma mai wandon yana da surukai a Ƙofar Rini da almajiran da ke gaishe shi a Ƙofar Atiku. Saboda haka aka yi sulhu. A sa matsattsen a ciki, a ɗora wandon shadda a kai, wani ma ya ƙara jallabiya. Iskar da injiniyoyin Turai suka kwana suna lissafin yadda za a kauce mata, jallabiya ta tattara ta duka ta rungume. Ita kuwa sarƙa ba ta san darajar shadda ba, in ta kama bakin wando sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Hular kwano ce kaɗai aka karɓa ba gardama, abin da ya kamata hukumar kiyaye haɗurra ta yi nazari a kai. A 2009 da ta tilasta wa masu babur sa ta, har ƙwarya wasu suka kifa a ka a Kano. Ashe ba hular aka ƙi ba, arharta aka ƙi.

Niyyar kullum ita ce a kai Kware a dawo, tafiyar da ba ta wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba a zuwa. Ana cika wannan niyya jefi-jefi. Galibi akan tsaya a hanya don ɗaukar hoto, hoton ya ja hira, hirar ta ja rana, rana kuwa a Sakkwato ba ta wasa, a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Sai a juyo. Manhajar Strava ta auna tafiyar, a tura taswirar a WhatsApp da "Alhamdulillah" da hoton damtse. Daga nan a zarce wurin mai waina, a bi da ƙosai da kunu, a rufe da fura da nono. Abin da aka ƙona cikin awa ɗaya a mayar da shi cikin minti goma, har da riba.

Duk wannan ado, akwai mai sauke shi, wato tsidau. Wannan 'yar ƙaya da ke kwance a gefen kwalta ba ruwanta da farashi. Tayar Raleigh mai kauri ce, takan taka ta wuce. Tayar Alhaji siririya ce, faɗinta milimita 25 ko 28, an ɗura mata iska har ta yi tauri, tsidau na taɓa ta sai ka ji tsit. A nan ne duniyoyin biyu ke haɗuwa a gindin bishiya guda, gaban mai faci.

Mai facin Ƙofar Kware masani ne, sai dai karatunsa na wani zamani ne. Kayan aikinsa guduma, filaya, sifana biyu, gwangwanin sholisho, tsohon tif da yake yanka faci, da kwanon ruwan da yake tsoma tif yana neman inda ke kumfa. Da waɗannan ya rayar da kekunan da suka girmi Alhaji. Amma keken Alhaji ya zo masa da sababbin masifu. Bawul ɗinsa siriri ne, irin na Faransa da ake kira Presta, bakin famfon mai faci ba ya kama shi. Notocinsa ba na sifana ba ne, ramuka gare su masu kusurwa shida. Wani keken ma ba tif a cikinsa sam, wani farin ruwa ne mai danƙo ke toshe huda. Mai faci ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙa hannu wajen guduma, Alhaji ya yi salati da ƙarfi. Ai kabon ba ƙarfe ba ne, zare ne da gam. Ba ya lanƙwasa a miƙe shi, tsagewa yake, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa sai ta'aziyya.

Sai kuma rigimar mai. A ilimin mai faci, duk abin da ke ƙara baƙin mai yake so, wanda aka juye daga injin mota. Zai yi wa sarƙa wanka da shi har tana ɗiga. A lokacin hunturu ƙura ta bi man nan ta manne, su haɗu su zama wani kwaɓi mai cin haƙoran giya a hankali. Gaskiyar Alhaji ce da yake cewa sarƙa 'yar ɗigon mai take so a goge saura. Amma shi ma ɗan kwalbar man da ya sayo da tsada yana can cikin durowa bai taɓa buɗe shi ba, don bidiyon gyaran keke ya kalla a YouTube, ba gyaran ya koya ba. Ƙarshenta mai faci zai ɗaure abin da dabara, ya kuma faɗi kuɗi. Farashin faci a wurinsa ba ya bin girman huda, takalmin mai keke yake bi. "Alhaji, ai wanga ba keke ba ne, jirgi na. Kuɗin gyaran jirgi za ka ba ni."

Bayan huda ta uku da zafin bazara, sai Alhaji ya gano cewa ƙwararru a ɗaki suke atisaye. A sayo na'urar da ake cire tayar baya a ɗora keke a kanta, a haɗa da talabijin, a biya kuɗin manhajar Zwift na wata-wata da dala. Yanzu Alhaji na iya tsere da Bajamushe da Bajapane a wani tsibirin kwamfuta mai suna Watopia, inda ba tsidau, ba tirela, ba jaki. Sai dai na'urar na son wuta, talabijin na son wuta, intanet na son wuta, mai tuƙi a ɗaki kuma ba iskar da ke busar masa da zufa, dole fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. In aka ɗauke wuta sai a tada janareto. Maƙwabci na jin rurin inji tun asuba, ana ƙona fetur na naira dubbai don mutum ya yi kilomita talatin bai bar gaban gadonsa ba. Hajiya ta leƙo ta ga maigida na haki yana yi wa talabijin tsawa, ta koma ta ce wa yara su yi shiru, Baba na tafiya.

Wata biyu ake yi. Daga nan kan keken ya zama wurin rataye hijabi, sirdi ya karɓi tawul, feda ta zama abin wasan autan gida.

Hira dai ba ta mutuwa. A majalisa za ka ji ana yabon Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci zango uku da koriyar riga a tseren keke na Tour de France na 2024, ana maganar gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. Ba a cika tuna cewa Burkina Faso, nan kusa, tana shirya Tour du Faso tun 1987 ba. An fi jin daɗin labarin Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke a wasannin Olamfik na Paris a 2024, ta rasa keken shiga tseren cikin fili sai da tawagar Jamus ta ara mata. Nan majalisa kan ɗau zafi, a zagi hukuma, a ce ƙasa ta lalace. Masu wannan faɗa kowanensu yana da keken miliyoyi a ɗaki, yana riƙe da hijabi.

Daga ƙarshe keken yakan samu mai shi na gaskiya, wato yaron gida da ake aike kai niƙa. Shi ba ya sa hular kwano, ba ya da Strava, amma a mako yana yin tafiyar da Alhaji bai yi a shekara ba. Ƙorafinsa ɗaya, ba inda zai ɗora buhu. Ya tura shi Ƙofar Kware, mai faci ya cire siririn sirdin ya dasa na Phoenix mai sifirin, ya ɗaure kariya da waya da robar tif tunda ba ramin noti, ya yi wa sarƙa wankan baƙin mai, ya dubi silifas ɗin yaron ya ce ya kawo ɗari biyar.