Alajin 'Yan Boko

Wani likitan yara a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro kalmar allergy a 1906, don ya bayyana yadda jiki ke bore in ya gamu da abin da bai karɓe shi ba: ƙaiƙayi, kumburi, atishawa, wani lokacin har sarƙewar numfashi. Daga baya Turawa da kansu suka ja ta zuwa ƙyamar abu kawai, 'yan bokonmu kuwa suka karɓa hannu bibbiyu.

Yanzu yarinya ba ta cewa ta ƙi jinin miyar kuka. Sai ta yatsine fuska, ta ɗaga cokali da yatsu biyu, ta ce, "Kaka, ai ina da alaji." Tsohuwa ta dube ta sheƙeƙe ta ce, "Wane Alhajin kuma? To ya turo magabatansa mana!"

Cutar nan dai akwai zaɓe. Tana tashi a kan tuwon dawa da wanke-wanke da biyan bashi, amma ban taɓa jin wanda tsire ko goron Sallah ya fesa wa ƙuraje ba. Mai alajin gyaɗa na gaskiya kuwa, bawan Allah, in ya ture ƙuli-ƙuli sai a ce iyayi ne.