Mazauna Ajin Koyon Ɗaukar Hoto

Duk ajin koyon ɗaukar hoto yakan rabu gida-gida tun makon farko, kuma kowane gida da dabararsa ta kauce wa abin da aka zo koya, wato kallo. Na gaba-gaba shi ne Alhaji Kayan Aiki, mai shigowa da Canon a wuya, Nikon a jaka, yana tafe yana nishi. Ya san farashin kowace kyamara, amma a hotonsa sai ka tarar turken wutar lantarki ya tsiro a kan amarya. Idan malam ya nuna masa, sai ya ce laifin kyamarar ne, wata mai zuwa zai sayo wadda ta fi ta. Kusa da shi Sarkin Dannawa ne, wanda zai yi wa akuya ɗaya hoto ɗari uku ko Allah zai sa ɗaya ya dace. A zamanin fim mai cin hoto 36 kacal, kuɗin wanki kaɗai ya isa ya koya masa hankali. Yanzu katin ajiya ya ɗaure masa gindi.

Sai Malam Ƙa'ida. Ya haddace cewa f/2.8 tana wangale ƙofar haske ta dusashe abin da ke bayan mutum, f/16 kuma ta tsuke ta komai ya fito tar. Ya san ƙyaftawar kashi ɗaya cikin 1000 na sakan tana tsayar da doki yana sukuwa, ISO 3200 kuwa na kawo tsaki-tsaki. Karatun duk daidai ne, sai dai kafin ya gama lissafi dokin ya wuce, ƙurar ma ta lafa. Hajiya Za-a-gyara ta ɗauki Photoshop asibiti: ta tsayar da mutum da rana tsaka, inuwa ta cika masa idanu, ta ce kwamfuta za ta ji da shi. Ɗan Kunya bai taɓa ɗaukar fuska ba, kundinsa daga furanni sai ƙeyar masu wucewa. Na ƙarshe shi ne Ba-a-gaya-mini, wanda in aka ce hotonsa ya yi dishi-dishi sai ya ce salo ne.

Wanda ke ci gaba a cikinsu shi ne wanda ya fara tsayawa ya dubi inda haske ya fito kafin ya danna, ya kuma iya jefar da hoton da yake so in bai yi ba. Seydou Keita, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, da ƙaramar Kodak Brownie da aka ba shi kyauta ya fara. Da hasken rana ya fi aiki, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yakan danna wa mutum, don haka sai ya daidaita zama da hannu da zanen da ke baya tukuna. Shi ma J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, tun daga 1968 ya duƙufa kan kitson mata har ya tara hotuna kusan dubu, yana komawa kan abu ɗaya har idonsa ya gane shi.

Wani zai ce wayar zamani ta raba gardama, tunda ita ke auna haske da kanta. Gaskiya ne tana aunawa, amma ba ta gaya wa mutum ya matsa taku biyu don turken nan ya sauka daga kan amarya, ba ta kuma koya masa sallama da neman izini kafin ya ɗauki dattijo a kasuwa. Wani kuma zai ce ido baiwa ce, aji ba ya ba da ita. Ko da baiwa ce, sai an wasa ta, kuma wurin wasawar shi ne ranar da ake baje hotuna kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Shi ya sa jarrabawar da ta fi dacewa a ƙarshen zango ita ce a ce wa ɗalibi ya zaɓi hoto goma cikin ɗari, ya faɗi dalilin zubar da sauran. Wanda ya koyi kallo zai gama kafin la'asar. Sarkin Dannawa kuwa zai roƙi a ƙara masa kati.