Wasiƙa daga Landan a Kan Banɗaki Mai Tsoron Ruwa

Zuwa ga Yaya Malam,

Ina sanar da kai takardarka ta iso, kuma na yi farin ciki matuƙa da jin ginin gidanka ya kai ga daɓe. Amma da na iso inda ka ce kana da niyyar shimfiɗa kafet har cikin banɗaki, wai don an gaya maka haka manyan Turawa ke yi, sai na ajiye takardar na yi salati, domin ni ne ganau a wannan mas'ala, wanda ya ba ka labari kuwa jiyau ne.

Gidan da nake haya an gina shi tun zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, kuma ina bene, wata tsohuwa tana ƙasa. Abin da ban sani ba ranar da na tare, shi ne ƙasan ɗakunan nan duka katako ne aka jera bisa wasu katakai masu kauri kamar azara, aka lulluɓe da kafet, kuma banɗakin, duk da sunansa, ba shi da rariya ko ɗaya a ƙasa, sai bahon wanka wanda aka wajabta wa kowane ɗigo ya faɗa cikinsa. Ni kuwa ɗan gidanmu, da asuba na ɗauki buta na tsuguna na yi alwala cikakkiya, har da tsettsefe yatsun ƙafa kamar yadda ka koya mana a Ahalari, ina ganin kafet na shanye ruwa ina yaba hikimar Nasara.

Mako uku ana haka, sai ga tsohuwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta fara da ba ni haƙuri, domin al'adarsu ce wanda aka zalunta shi ke fara neman gafara, sa'an nan ta ja ni ɗakinta ta nuna mini silin, inda alwalata ta zana taswira mai kama da ta Tafkin Chadi, tana ɗiga daidai kan kujerar kyanwarta. Da mai gida ya zo aka ɗaga kafet, abin da muka gani ya isa wa'azi: katako ya yi baƙi ya yi laushi har mabuɗi na nutsewa cikinsa, fumfuna ta yi gari guda, wari kuwa irin na rumbun da damina ta ci. Kuɗin ajiyar da na ba shi, Allah ya jiƙansu.

Kada ka ce ai laifin katako ne, mu namu siminti ne. Lalle katako ya ƙara wa Borno dawaki, haka ma yanayin ƙasar, domin ko da yake ruwan da ke sauka a Landan a shekara, kimanin milimita 600, bai kai na Kano ba, nasu yayyafi ne da ba ya sallama, ba su da ranar da ke busar da tsakar gida kafin a sauke tuwo, kuma tururin wanka yakan kwanta a bango mai sanyi ya koma raɓa, shi ya sa suke kafa wa banɗaki 'yar fanka mai zuƙe iska. To, amma kafet ko a Kano kafet ne, yana riƙe laima a cikinsa kamar soso, kuma a matsayinka na malami ka fi ni sanin irin waswasin da zai kama mutumin da ya taka shimfiɗa mai danshi a makewayi, bai san ko ruwan tsarki ne ko najasar yara ba, alhali liman ya ta da iƙama.

A nan Landan, mai gida ya maye gurbin kafet ɗin da leda. Asalinta wani Bature ne, Frederick Walton, ya ƙago wajen 1860 daga man wata shuka da garin ɓawon itace bisa algarara, ko da yake ta yanzu yawancinta roba ce. Ba ta shan ruwa, sai dai idan ya sami kafa ta gefe ya shige ƙarƙashinta, nan zai yi i'itikafi ba mai ganinsa. Shawarata gare ka ita ce tayil, amma ba mai sheƙin nan da Yaya Hajiya za ta zaɓa don baƙi su ga fuskarsu ba, domin shi da kumfar sabulu in suka haɗu sai mai ɗori. A sayi mai kaushi. A sa birkila ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, don kada danshin damina ya taso daga ƙasa, ya sauke banɗakin kaɗan ƙasa da ɗaki, ya kuma ba shi gangare kamar santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. Kafin ka biya shi, ka kwara bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa, domin shi kaɗai ne shaidar da ba a saye.

Wallahi, Yaya, sau da yawa nakan tuna daɓen ɗakin Inna, yadda mata suka taru da madaɓai suna waƙa, ana yayyafa makuba har ƙasa ta yi ja tana ƙyalli, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara daga ƙarƙashinsa sai gara.

Yanzu dai na zama zahidi a sha'anin ruwa, mudu guda ya ishe ni kamar yadda sunna ta zo da shi, abin da wa'azinka na shekara 20 bai sa na yi ba. Ƙafa kuwa cikin kwanon wanke hannu nake ɗaga ta, ɗaya bayan ɗaya, kamar shamuwa, tsakanin famfo biyu, guda na ƙuna guda na ƙanƙara. Don haka ka roƙa mini Inna ta aiko da man zafi ta hannun duk mai tahowa, ƙugu ya fara magana. Tsohuwar tana gaishe ka. Kyanwar ce har yau ba ta yafe ba.

Wassalam,
Ƙaninka na Landan