Jingar Gida Guda

Tun ranar da maigidana ya yaye ni daga koyon aikin lantarki a Birnin Kebbi, ya miƙa mini filaya da sukundireba da tasta, ya sa mini albarka, na komo garinmu Argungu na kafa 'yar rumfa, ban gamu da abin da ya gallabe ni a sana'ar nan kamar ciniki ba. Domin wuta, in ta ja mutum, sau guda take fizgarsa ta yar, amma Bakabe in ya zauna taya aikin wayarin, sai a fara da hantsi, a tashi a yi Azahar a komo, har La'asar ta kawo jiki yana nan daram bisa rabin abin da aka faɗa masa, yana rantsuwa cewa akwai wani yaro a unguwarsu wanda zai yi a ƙasa da haka. Mutanen da suka gaji tarar giwan ruwa da homa a Matan Fada ba su san gajiya da jira ba.

A farkon shekarar 2023, wata rana ina cikin motar haya daga Birnin Kebbi, ɗauke da kayan aiki, sai na lura cewa da mai teɓa da siriri, da attajiri da almajiri, kowa kuɗi ɗaya ya miƙa wa yaron mota, babu wanda ya taya, babu wanda ya rantse. Nan take Shaiɗan ya raya mini cewa na gano wata hikima wadda ta kuɓuce wa dukan magabata a cikin sana'a, alhali kuwa na manta direba yana ganin fasinjansa kafin ya shiga, kuma kujera tana da iyaka.

Da dare na ɗauki alƙalami na yi hisabi. Na ƙaddara gida irin wanda aka saba kirana, wato ɗaki biyu da falo da madafi da makewayi, na ƙirga masa foyin goma sha biyu, foyin kuwa a bakinmu shi ne kowane wurin da wuta za ta fito, ko ƙwai, ko soket, ko fanka. Na sa naɗi biyu na siririyar waya mai 1.5 saboda fitilu, da naɗi guda na mai 2.5 saboda soket, na haɗa da makunnai da fis da ƙusoshi da ladan yarona, na ɗora ribata daidai gwargwado. Kashegari na sa aka rubuta mini allo da jan fenti: WAYARIN GIDA GUDA, KAYA DA AIKI, NAIRA 150,000. BA TAYI, BA RAGI. Uwargida, da na karanta mata, ta ce, "Maigida, ko mai ƙosai ai tana da na hamsin tana da na ɗari." Na ce mata ilmin lantarki ba a gaban kasko ake koyonsa ba, kalmar da har yau, in tuwo ya yi jinkiri, ake maimaita mini ita.

Aiki biyu na farko sun tafi lami lafiya, har ujubu ya fara shigata. Sai a makon farko na watan Mayu wani dattijo, Alhaji ne mai fataucin shinkafa, ya tsaya gaban rumfata ya daɗe yana duban allon, kamar mai muraja'ar wani matani mai wuya, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wanga allo naka na?" Na ce, "Nawa ne, Baba Alhaji, ranka shi daɗe." Ya ce, "Ba tayi?" Na ce babu. Bai ƙara ko harafi ba, ya zaro rabin kuɗin ya ƙirga mini kafin alƙalami a gaban mai shayi da tela, ya roƙe su su zama shaidu, ya gindaya sharaɗi guda, cewa a ga haske kafin Babbar Salla. Da ina da basira, da rashin tayin nan kaɗai ya ishe ni ishara.

Na isa gidan da safe da naɗin wayata uku a bayan babur. Zaure ne ɗan madaidaici, na kuwa yi hamdala. Daga zauren aka shige da ni shigifa, daga shigifa zuwa wani soro, daga soron sai ga fili ya buɗe wanda za a iya yin sukuwa a cikinsa, turakar Alhaji a gabas, sassan matansa huɗu a jere, a bayansu sassan 'ya'yansa maza biyar waɗanda duk sun yi aure ba wanda ya fita, ga ɗakin wata gwaggo da ta dawo zawarci tun zamanin soja, ga ɗakunan almajirai, ga ma'ajin shinkafa guda biyu. Har na fara zaton ko ɓatan kai na yi na faɗa tsohuwar fadar Sarkin Kabi, wadda aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958. Yarona yana biye da ni yana ƙirga ƙofofi da yatsu, da yatsun suka ƙare ya koma tsinke. Ɗaki talatin da ɗaya, ban da madafai da makewayai.

Na koma zaure gwiwa a sanyaye na ce, "Baba Alhaji, ai wannan unguwa ce." Ya ce, "Ƙofa nawa kag gani daga waje?" Na ce guda. Ya ce, "Maigida nawa?" Na ce guda. Sai ya kama hannuna ya fito da ni, ya nuna mini rubutun alli da masu allurar rigakafi suka yi a jikin bango, ya ce ko hukuma lamba guda ta ba shi. "Kai kar rubuta ba tayi, ɗana, ga shi kuma kai ka tayi." Mai shayi da tela ba su nan, amma na ji kamar suna tsaye a bayana.

Girman kai ya hana ni mayar da kuɗin, na ce a raina in na matse hannu wajen kaya, la'alla in fita da uwar kuɗina. Rabin gidan ginin siminti ne, rabi ginin ƙasa, kuma a nan na san cewa bango ma mazhabobi ne: na siminti sai ya lanƙwashe ƙusa uku kafin ya karɓi ɗaya, na ƙasa kuwa yana karɓar kowace ƙusa da fara'a, sai ka juya baya ka ji ta faɗo, ta taho da yaɓe mai faɗin faifai, uwar ɗaki tana tsaye tana salati. Cikin silin kuma, ƙarƙashin kwano, a zafin Mayu na Argungu kafin ruwa ya sauka, na yi rarrafe bisa katako tsakanin kashin jemage da gidan rina, gumi yana shiga idona, ina tuna wa'azin da malamai ke yi game da ranar tsayuwa. Kowace matar gida kuwa, da ta ga an sa wa abokiyar zamanta soket biyu, sai ta aiko yaro ya tuna mini cewa adalci wajibi ne, har dai lissafin soket ya koma hannun kishi.

Ina cikin wannan hali, ranar 29 ga Mayu sabon Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta wuce 700 kafin watan ya fita. Waya jan ƙarfe ce, jan ƙarfe kuwa da dala yake tafiya, saboda haka duk zuwan da zan yi kanti sai in tarar naɗin ya ƙara kuɗi, mai kanti yana ba ni haƙuri kamar mai ta'aziyya. Allona dai yana nan, jan fentinsa ko dusashewa bai yi ba.

Da kuɗin suka ƙare a ɗaki na goma sha huɗu, na tafi wurin malamina na zaure neman fatawa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce malaman Malikiyya sun sharɗanta a cikin ijara a san lada, a kuma san aikin da za a yi, in ɗaya ya zama majahuli garari ya shiga, sai a koma ga ladan da aka saba biyan irin aikin. Na ji sanyi har cikin ɓargo. Sai ya ce, "To, almajiri, bayan ka ga gidan da idonka, kwana nawa ka yi kana aiki?" Na ce, "Allah shi gafarta Malam, arba'in da 'yan kai." Ya ce jahilcin da aka kwana arba'in ana sha masa fura a zaure ya daɗe da zama yarda. Amma ya ce sulhu ya fi, domin in Kabi da Sakkwato, bayan yaƙin da kakanni suka gada, sun iya zama inuwa guda har Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a 1934 aka yi masa bikin su, bai ga abin da zai hana ni da Alhaji daidaitawa a kan waya ba. Da na tashi tafiya ya ƙara da cewa zaurensa ma yana bukatar ƙwai guda, in na sami sarari.

Sulhun da aka yi shi ne Alhaji ya sayi sauran kaya, ni kuma in yafe ladan hannuna, ya bi ni da buhun shanshera guda saboda ihsani. Daren jajibirin Salla na ɗaura ƙwai na ƙarshe, a rumfar raguna, domin Alhaji ya kafa hujja cewa su ma a cikin gidan suke kwana.

Ban daddara nan da nan ba. Na goge "gida" na rubuta "ɗaki", aka kai ni ma'ajin shinkafa wanda babbar mota ke juyawa a cikinsa. Na goge na rubuta "foyin", wani ya nemi foyin guda tak, a bukkar gonarsa, taki ɗari biyu daga falwaya.

Allon yanzu shi ne murfin akurkin kajin uwargida, ta kuma juya rubutun yana duban sama don in riƙa gani. Wanda ke son wayarin a Argungu ƙofata a buɗe take, amma sai na zo da awo na zaga gidan har rumfar dabbobi, na taɓa bango na leƙa silin, mu rubuta adadin foyin a takarda. Waya shi zai saya da hannunsa, kuɗin da na faɗa kuma wa'adinsa kwana bakwai ne. In ya ga dama ya taya, ina da tabarma.